Yaya zan gwada ko mahaddata sun fi sauran mutane riƙe abu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Madina, an ba mu ƙaramin bincike a darasin nazarin tunanin ɗan Adam. Ina so in gwada ko mahaddata Alƙur'ani cikin Hausawan nan sun fi waɗanda ba su yi hadda ba ƙarfin riƙe abu. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, fara da tantance wane riƙo kake nufi. Masana sun raba riƙon ɗan lokaci, irin wanda kake riƙe lambar waya kafin ka danna ta, da ajiya mai ɗorewa, inda hadda take zaune. Wanda ya gawurta a ɗaya ba lallai ya gawurta a ɗayan ba. Na farkon ya fi sauƙin aunawa. A 1956 George Miller ya ƙiyasta shi da abu bakwai, ƙari ko ragin biyu, sai Nelson Cowan a 2001 ya ce bai wuce kusan huɗu ba in an hana mutum maimaitawa da dunƙule abubuwa.

Ga yadda ake yi. Ka karanto lambobi uku, ɗaya a kowace daƙiƙa, murya ba hawa ba sauka, wanda ake gwadawa kuma ya maimaita a jere. Kowane tsawo jeri biyu, sannan ka ƙara lamba ɗaya. In ya kuskure duka biyun, ka tsaya. Makinsa shi ne jeri mafi tsawo da ya kawo daidai. Ka naɗi muryar a waya domin kowa ya ji abu guda. Ka kuma tace jerin: in 966 (lambar kiran wayar Saudiyya) ko 1447 (shekarar Hijira) suka faɗo ciki, mazaunin Saudiyya zai haɗiye su a matsayin abu ɗaya, makinsa ya kumbura a banza.

Inda aka fi tafka kuskure shi ne harshe. Alan Baddeley da abokan aikinsa sun nuna a 1975 cewa mutum yana riƙe gwargwadon abin da zai iya furtawa cikin kusan daƙiƙa biyu. A 1980 Ellis da Hennelly suka gwada masu harshe biyu a yankin Wels na Birtaniya, suka tarar lambobin da mutum guda yake riƙewa da harshen Wels ba su kai waɗanda yake riƙewa da Turanci yawa ba, don kawai na Wels sun fi daɗewa a baki. Duba namu: daga ɗaya zuwa tara duk gaɓa bibbiyu ne, amma Larabci na da masu gaɓa fiye da biyu, kamar salasa da samaniya. Ga shi wanda aka haifa a Makka ko Jidda sau da yawa da Larabci yake lissafi a zuci, sabon zuwa daga Kano kuwa da Hausa ko Turanci. Ka tambayi kowa harshen ƙidayarsa, ka daidaita rukunan biyu a kai. In za ka gwada harsunan biyu, rabin mutanen su fara da Hausa, rabi da Larabci, kada sabo ko gajiya su taimaki ɓangare ɗaya.

Haka shekaru, zurfin karatu da lokacin gwaji. Kada a gwada wasu bayan asuba, wasu bayan la'asar. Ka nemi amincewar kowa, kuma ka sa lamba a madadin suna.

Ko da mahaddatan sun yi rinjaye, kada ka rubuta cewa hadda ce ta jawo. Mai yiwuwa masu kaifin riƙo tun asali ne suka jure har suka sauke. Raba gardamar nan sai an auna ɗalibai kafin su fara hadda, a sake aunawa bayan shekara, tare da wani rukunin da bai shiga ba.