Dalilin da ya sa yaranmu na Tawa ke bin ayari da ƙafa

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce a wajenku in an ce mutum ya yi tattaki, to daga Legas ya taso zuwa Abuja don taya wani ɗan siyasa murna, kamar yadda aka yi ta yi a 2015, ana tararsa gari-gari ana ɗaukar hoto. Shi ne kake mamakin ɗan'uwanka da aka haifa a nan Tawa, yaron da ya yi lakkal, wato makarantar boko, ubansa na da rumfa a kasuwa, ya bar gida wata da watanni ya bi ayarin gishiri na Buzaye da ƙafa, ba mai jiransa da kyauta a ƙarshen hanya. Har ka tambaya ko babu ce ta kai mu ga haka. Ba babu ba ce, ni da kaina na damƙa shi a hannun madugu.

Ka san kakanku fatauci ne ya fito da shi daga Kano, ya zo Adar ya zauna ya zama mai masauki. Mai masauki ba ya karɓar kuɗin kwana. Baƙo ya sauke kayansa a gidanka, ka ciyar da shi, ka nemo masa mai saye, ka tsaya masa in an karɓi kaya bashi, sannan ka ci la'ada. Sana'a ce da jarinta duka amana ne, kuma mutumin da bai taɓa taka hanyar da baƙonsa ya tako ba, da wuya ya san darajar kayan da aka ajiye masa a zaure. Wannan ne ya sa a gidaje irin namu ake son yaro ya yi tafiyar ƙasa kafin a ba shi makullin rumfa.

Da kora ake farawa. A sayi shanu ko tumaki a Abalak, a haɗa yaro da masu kora su gangaro da su kudu har Ƙonni, bakin iyakar Illela. Dabba ce ke yanka saurin tafiya, don in ka matsa mata ta rame ka ci uwar kuɗi, ga tsoron kada ta kauce burtali ta faɗa gonar mutane. Wahala ce, amma akwai ƙauye, akwai rijiya, akwai inda za a sayi fura.

Ayarin gishiri kuwa wani abu ne daban. Buzayen Kel Geres da ke zaune wajen Madawa da Ƙonni, da na Kel Ewe na dutsen Abzin, su ne masu shi tun kaka da kakanni. Mu Hausawa bi muke yi, kuma sai wanda suka yarda da gidansu. In damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba, ake ɗaura hatsi a nufi arewa. Daga nan zuwa Agadas kimanin kilomita 400 ne, daga Agadas zuwa Bilma wajen 600, rabi mafi tsanani kuma cikin hamadar Tenere yake, inda ba ciyawa ba itace. Don haka kafin a shiga sai an zauna an yanki ciyawa an ɗaure dami-dami, an tara itacen girki, an cika salka. Raƙumi shi ke ɗaukar abincinsa. Ana tafe ana ajiye wasu dammunan a kan rairayi saboda dawowa, kuma wani ayarin zai zo ya wuce su bai taɓa ba, ko da nasa raƙuman na jin yunwa. Na daɗe ina tunanin wannan al'ada. Ba ɗan sanda a wurin, ba alƙali, amma kowa ya san wanda ya ɗauki damin wani ya kashe masa raƙumi ne, wataƙila har da mai raƙumin.

A cikin Tenere ba a yada zango da rana. Tun da sassafe ake ɗaura kaya, in aka miƙa ba tsayawa sai dare ya raba, domin kowace sa'a da aka ɓata ruwa ne ya ragu. Raƙuma na jere, akalar kowane ɗaure da na gabansa. A tafe ake dama fura da cuku da dabino a miƙa wa juna, a tafe ake dafa shayi, yaro na riƙe da ɗan murhun gawayi yana kaɗa shi a iska. Salla sai da taimama, a yi ƙasaru, mutum ya idar ya ruga ya cim ma ayari, don ba za a jira shi ba. Da rana ƙasa na ƙona tafin ƙafa, da dare sanyin hunturu na shiga har ƙashi. Bororo ya fashe, faso ya tsage, leɓe ya bushe har magana ta zama aiki. In gajiya ta kai maƙura ana iya hawa, sai dai barci a kan raƙumi cikin dare shi ne babban haɗari: wanda ya faɗo ba a ji ba, in gari ya waye iska ta riga ta share sawu.

Madugu uban tafiya, shi ke gaba. Da taurari yake tafiya da dare, da rana kuma da inuwa da yadda iska ta kwantar da rairayi. Kuskuren da bai kai komai ba a ido zai iya sa a wuce rijiya ba a gan ta ba. Akwai wata bishiya guda da ayari ke kwatance da ita, wadda ake cewa ba wata a kewayenta har kilomita 400. Mota ce ta buge ta a 1973, gangarta na ajiye a gidan tarihi na Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta. In an wuce nan sai garin Fashi, sannan Bilma, inda Barebari ke haƙar gishiri a ramukan Kalala. A ba su hatsi, su ba da dabino da gishiri iri biyu, beza na miya da kantu na dabbobi. Dawowa ta fi zuwa wuya, don kaya sun yi nauyi, raƙuma sun rame. In ɗaya ya durƙusa ya kasa tashi, sai a yanka shi a raba kayansa a kan sauran.

Za ka ce to me aka samu. Kuɗi dai kaɗan ne, manyan motoci sun karya farashin kantu tuni. Turawan Faransa sun rubuta cewa ayarin 1906 ya kai raƙuma 20,000. Farin 1973 da na 1984 suka cinye garkuna, yanzu ƙananan ayari ne suka rage. Amma ni da na taka hanyar ina saurayi, na san abin da na dawo da shi. Na san iyakar jikina, na ga ta fi inda nake zato nisa. Na san mutane, domin ƙishirwa ba ta bari a ɓoye hali: wanda zai sha rabonsa ya rage wa na baya, da wanda zai laɓe da salka cikin dare, duk za ka gan su. Buzun da ya ɗora ni a kan amalensa ranar da ƙafata ta kumbura, shi ya taka a ƙasa, 'ya'yansa har yau a gidana suke sauka, kuma tsakaninmu ba a rubuta bashi. Ga kuma wani daɗi da ban iya kwatanta maka shi sosai: ranar da idonka ya fara hango koren dabinon Fashi bayan kwanaki ba ka ga ganye ba, za ka ji manyan mutane masu furfura suna kabbara da ƙarfi.

Haka ɗan'uwanka ya dawo, baƙi ƙirin, wando na zame masa. A al'adarmu ba a tambayar matafiyi labari sai ya sha ruwa ya huta, don haka uwarsa ta yi ta kallonsa tana hawaye ba ta ce komai ba. Da ya koma kasuwa na lura ya daina katse baƙo in yana faɗin kuɗin kayansa, ya kuma daina barin tulu a buɗe.

Ka ce kana sha'awar gwadawa. Ina murna, amma ba zan tura ka Tenere kai tsaye ba, balle yanzu da hanyoyin arewa ba su da tsaro kamar da, ko masu ayarin ma sai sun yi ta sauraron labari kafin su ɗaura. Ka nemi iznin mahaifiyarka tukuna. In ta yarda, ka zo bayan girbi in haɗa ka da masu kora daga Abalak. Kada ka sayo sabon takalmi, ka zo da wanda ƙafarka ta saba da shi, da rawani, da bargo mai kauri. Ka gaishe mini da yaya da sauran mutanen gida.