Tambaya da Amsa: Wane Kwalekwale Ya Dace da Ruwanka?

Tambayoyin wannan fitowa duk kan kwalekwale suka tsaya. Mun zaɓi biyar, mun taƙaita su.

TAMBAYA: Ina kiwon tarwaɗa a wani babban kududdufi, faɗinsa ya kai filin ƙwallo biyu, zurfinsa kamar mita biyu. Ina son ƙaramin jirgi don zuba abinci da jefa birgi (ragar kamun kifi da ake wurgawa). Na katako zan saya, ko na faiba, ko na roba da ake hurawa? — Wani mai karatu daga Kura

AMSA: Malam, fara cire na roba daga lissafi. Ƙayar tarwaɗa da ƙugiya da bakin wuƙa duk abokan gabarsa ne, kuma ranar ƙasarmu tana cin gam ɗin da aka haɗa shi da shi. Ruwanka kwantacce ne, babu igiyar ruwa, saboda haka mai shimfiɗaɗɗen gindi kake buƙata, tsawon mita uku da rabi zuwa huɗu, faɗin cikinsa kada ya gaza mita ɗaya. Wannan faɗin shi zai ba ka damar miƙewa ka jefa birgi ba tare da jirgin ya juye da kai ba. Kwalekwalen sassaƙe, na gungume ɗaya, gindinsa a zagaye yake kuma siriri ne. Sai wanda ya tashi a cikinsa tun yana yaro ke iya tsayawa a kai.

Na katako ya fi araha, kuma kafintan unguwa zai iya gyara shi. Nemi na maɗaci ko kawo. Rimi ba shi da nauyi, amma ba ya jimawa yake ruɓewa. In ka je saye, tafi da ƙaramar wuƙa ka caka a kusurwoyin ciki da ƙarƙashin wurin zama, inda ruwa ke kwanciya. In ta shige kamar a dafaffen rogo, bar musu kayansu. Sabon fenti mai kauri a kan tsohon jirgi ma abin tuhuma ne. Na faiba ya fi tsada amma ba ya ruɓewa. Ƙwanƙwasa gindinsa da kan sukundireba, inda ka ji amon ya mutu, to ruwa ya shiga tsakanin shimfiɗun faibar. Kowanne ne, kada kuɗi su bar aljihunka sai an sa shi a ruwa an ɗora masa kaya ya yi awa guda kana kallo. Inji kuwa ba ka buƙatarsa: gora da filafili sun wadatar, ga shi man inji yana gurɓata ruwan kifi.

TAMBAYA: Mu uku muke fita zuba kalli (doguwar ragar kamun kifi) a dam ɗin Tiga. Yaya za mu gane kayan da jirginmu zai iya ɗauka? — Wani masunci daga Bebeji

AMSA: Akwai lissafin da ake yi wa ƙananan jirage masu faɗi waɗanda tsawonsu bai kai ƙafa 20 ba. A ninka tsawo da faɗi, a ma'aunin ƙafa, a raba da 15. Jirgi mai ƙafa 14 da faɗin ƙafa 4 zai ba da 56, in an raba ya zama uku da ɗoriya, wato mutum uku. Sai dai lissafin ya ɗauka kowane mutum kilo 68 ne, ruwa kuma a kwance yake, babu kaya. Ku kuwa kuna da jiƙaƙƙen kalli da duwatsunsa, ga kifi in Allah ya ba da sa'a. Jirgin da ya tafi da mutum uku da safe zai dawo da nauyin mutum huɗu ko biyar. Siririn kwalekwale ma wannan lissafi ba nasa ba ne.

Abin da ya fi lissafi shi ne ido. Bayan kowa ya zauna an gama lodi, a duba tazarar da ke tsakanin fuskar ruwa da bakin jirgi a inda ya fi yin ƙasa. A babban ruwa irin Tiga, mu ba mu yarda ta gaza taƙi ɗaya cikakke ba, santimita 20 zuwa 25. Ku ja layi da jan fenti a jikin jirgin a daidai nan. Ranar da layin ya nutse, a rage kaya ko a yi sawu biyu.

Sannan ruwan da ke cikin jirgi, wanda mutane ke rainawa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. Gindi mai tsawon mita huɗu da faɗin mita ɗaya, in ruwa ya taru a kansa santimita biyar kacal, lita 200 ke nan, nauyin manyan maza uku da ba ku gayyata ba. Kuma wannan nauyi ba ya zama wuri ɗaya. Jirgi na ɗan karkata, duk sai ya kwarara can ya ƙara danna gefen. Shi ya sa ake kwarfewa tun yana kaɗan. Yanke gindin galan mai lita huɗu, a bar murfinsa a rufe, a ɗaure mariƙinsa da igiya a jikin jirgi. Kaya masu nauyi a ƙasa a tsakiya, mutum ɗaya ke motsi a lokaci guda, kuma in ana jan kalli kada kowa ya taru a gefe ɗaya don ganin abin da ya kamu. Mutanen Kano ba su manta da hatsarin Bagwai na ƙarshen Nuwamba 2021 a dam ɗin Watari ba, wanda ya ci rayukan mutane da yawa, cikinsu har da ɗaliban Islamiyya. Lodi fiye da kima aka ɗora wa laifin.

TAMBAYA: Na samu injin Yamaha mai ƙarfin doki 15 na hannu. Zan iya ɗaura shi a jirgina mai mita huɗu? — Daga Yawuri

AMSA: In ba a ƙera bayan jirgin don inji ba, ya yi masa yawa. Nauyinsa ya haura kilo 30, ga naka, ga tankin mai, duk a baya. Hanci zai ɗaga, kuma da ka sassauta gudu farat ɗaya, ruwan da ke biye da kai zai hauro ta baya. Doki 2 zuwa 5 ya ishi irin wannan jirgi. In injin mai gaurayen mai ne, yawanci kashi 50 na fetur ne da kashi ɗaya na baƙin man da aka yi don injin jirgi, wato mililita 100 a lita biyar, amma bi abin da aka rubuta na injinka. Da ka tayar, duba siririn ruwan da yake fitsararwa ta baya. In babu, kashe nan take, ko ciyawa ta toshe mashigar ruwa ko robar famfon ta cinye. Igiyar kashe inji kuma a wuyan hannunka take zama. Tunda Yawuri a bakin tafkin Kainji take, ka san tun da aka tare ruwan a 1968 kututturan itatuwa suke kwance a ƙasa, kuma sun fi haɗari lokacin da ruwa ya ja baya suka matso kusa da sama. Inda ba ka sani ba, rage gudu, ka tambayi Sarkin Ruwa.

TAMBAYA: Na iya ruwa tun ina yaro. Mene ne amfanin rigar ceto a wurina? Kuma me zan yi in iska ta riske ni a tsakiya? — Daga Madarunfa

AMSA: Iya ruwa yana amfani ne in kana cikin hayyacinka kuma ƙafafunka a sake suke. Wanda bakin jirgi ya doke shi a ka, ko kalli ya naɗe masa ƙafa, ko yaro ya shaƙe masa wuya don tsoro, gwanintarsa ta ƙare a nan. Nemi riga mai abin tallafe wuya, wadda aka rubuta 100N ko 150N a jikinta, ka ɗaure igiyoyinta tam. Gwajinta: wani ya kama kafaɗunta ya ja sama, in ta haura kunnuwanka ta yi maka yawa. Wadda aka mayar matashin zama, soson cikinta ya lotse, ta gama aiki. Kuma kada a shiga jirgi da babbar riga ko takalmin roba mai tsawo.

Iskar farkon damina ita ce mugunya. Hadari kan haɗo daga gabas, iska ta riga ruwan sama isowa. Da ka ji sanyi ya bugo ka, ka ga fuskar tafki ta yi duhu daga nesa, bar kallin nan, gobe ma rana ce. In tsakanin walƙiya da tsawa bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin bai fi kilomita 10 daga gare ka ba. Nufi gaɓar da ta fi kusa ko da ba ta garinku ba ce. Kowa ya sauka daga kan benci ya zauna a ƙasan jirgi. Kada ka ba igiyar ruwa gefe, tare ta da hanci a ɗan karkace. In za ka jefa dutsen tsayawa, ta hanci ake ɗaure shi, igiyarsa kuma ta ninka zurfin ruwan sau biyar. Gajeriyar igiya ko ɗaurin baya yana jawo jirgi ƙasa.

In ya kife, riƙe shi. Na katako yawanci ba ya nutsewa gaba ɗaya, kuma masu neman ka sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum. Gaɓa tana yaudarar ido. Na ƙarfe da na faiba kuwa suna iya tafiya ƙasa, don haka a ɗaure jarkoki biyu babu komai a ciki, a rufe gam, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Kowace mai lita 20 tana tallafe kusan kilo 20.

TAMBAYA: Jirgina na katako ya yi wata biyu a tudu, yanzu yoyo yake ta ko'ina. Ya lalace ke nan? — Daga Nguru

AMSA: Bai lalace ba, katakon ne ya bushe ya tsuke. Nutsar da shi a bakin ruwa kwana biyu ko uku ya sha ya kumbura, yawancin kafofin za su rufe da kansu. Waɗanda suka rage, bari saman katakon ya sha iska, ka cusa zaren auduga ko tsumma da bakin kurfi a hankali, kada ka danna har katakon ya tsage, sannan ka bi da narkakkiyar kwalta ta waje. Ƙusar da ta yi tsatsa ta baƙanta kewayenta, cire ta ka buga wadda ba ta tsatsa a ɗan gefe. Nan gaba in zai daɗe a tudu, kife shi a inuwa a kan itatuwa biyu, kada ya taɓa ƙasa saboda gara.