Tambayoyin Masu Karatu: Yahudawan Amurka da aikin sa kai na koya wa yara karatu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana da ke karatu a Boston ya ce yana ganin dattawan Yahudawa suna shiga makarantun gwamnati suna zama da yara ana karatu, alhali yawancin yaran ba Yahudawa ba ne. Biyansu ake yi, ko wa'azi ya kai su?
Wani uba daga Katsina

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ko sisi ba a ba su, kuma ba wa'azi ba ne. Doka ta hana yi wa yara wa'azi a makarantun gwamnati a Amurka, su kuma Yahudawa ba su da al'adar kiran mutane zuwa addininsu. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya yi kira a taimaka kowane yaro ya iya karatu da kansa kafin ya gama aji uku na firamare. A 1997 wani marubuci Bayahude, Leonard Fein, ya kafa ƙungiyar National Jewish Coalition for Literacy domin amsa kiran. Daga nan aikin ya bazu, har da Boston da San Francisco, da Los Angeles inda aka sa masa suna KOREH L.A.

Tushensa kuwa tsoho ne. Attaura ta ɗora wa uba nauyin koyar da 'ya'yansa. Talmud, babban kundin malamansu, ya ce da aka ga marayu na tashi ba karatu, sai Yehoshua ben Gamla, a ƙarni na farko Miladiyya, ya sa aka naɗa malamai a kowane gari, yaro ya fara yana shekara 6 ko 7. Har yawan aji aka ƙayyade: malami ɗaya yara 25, in sun kai 40 a ba shi mataimaki, in sun kai 50 malamai biyu.

Abin da ya fi taɓa tambayarka shi ne malaman nan sun fifita alherin da mutum ya yi da jikinsa a kan kyautar kuɗi, domin kuɗi matalauci kaɗai ake ba, alherin jiki kuwa kowa na bukatarsa. Sun kuma ce a ciyar da matalautan da ba Yahudawa ba tare da nasu, saboda zaman lafiya. Musa bin Maimun, malamin da aka haifa a Kurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya kasa sadaka gida 8, ya ce mafi girma ita ce wadda za ta sa mutum ya tsaya da ƙafarsa. A ganinmu, ba abin da ya dace da wannan ma'auni kamar koya wa yaro karatu.

Tambaya: Na ji masu sa kan nan awa ɗaya a mako suke zama da yaro, shin za ta yi wani tasiri kuwa? Yaya ake tafiyar da ita?
Wata malamar firamare daga Zariya

Amsa: Malama, tana yi, in mutum ɗaya ne da yaro ɗaya, a tsayayyar rana kowane mako, har ƙarshen shekarar karatu. Kafin a fara, ana bincikar tarihin mai sa kai, a ba shi horo, malamar aji ta zaɓo yaron, galibi daga rabin aji zuwa aji uku. Ana zama a ɗakin karatu ko inda jama'a ke gani, ba a kulle ƙofa da yaro.

Tsarin da muke ba da shawara shi ne a fara da hira ta minti 5, sannan yaro ya maimaita littafin da ya riga ya iya na kamar minti 10, don bakinsa ya sake. Sai sabon littafi, minti 20. A nan ake yawan kuskure, wajen zaɓe. A buɗe shafi ɗaya, yaro ya karanta, duk kalmar da ta gagare shi ya ɗaga yatsa. In yatsu biyar suka tashi kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa, a ajiye. Sauran lokacin a yi wasan sautin haruffa, ko ya rubuta jimla ɗaya a kan labarin, sannan babba ya karanta masa wani abu mai daɗi da murya.

In yaro ya cije a kalma, kada a yi saurin faɗa masa. A ƙirga biyar a zuci. In bai samu ba, a rufe ƙarshen kalmar da yatsa, ya furta sautin farko, a riƙa buɗewa a hankali. Yaron da kullum ake faɗa wa amsa yakan koyi kallon fuskar babba maimakon shafi. A lura kuma da mai kallon hoto yana cinka: za ki ji yana tafiya sumul, amma in an rufe hoton sai ya tsaya cak. A ƙarshen kowane shafi biyu a tambaye shi me ya faru, domin akwai yaran da ke furta komai daidai ba su fahimci ko ɗaya ba.

Babbar ɓarna kuwa ita ce fashi. Yaron da ya shirya littafinsa ya zauna yana leƙen ƙofa, mutumin bai zo ba, yakan ɗauka laifinsa ne. Wanda ya san ba zai jure ba, gara tun farko ya nemi aikin tattara littattafai.

Tambaya: Na ji suna raba littattafai kyauta. Shirin ɗaya ne?
Wani ɗalibi daga Maraɗi

Amsa: Daban ne, ɗan'uwa. Wannan shi ne PJ Library, wanda gidauniyar Harold Grinspoon ta fara a 2005 a jihar Massachusetts. Duk wata ana aika littafi kyauta zuwa gidajen da ke renon yaran Yahudawa, don iyaye su karanta musu kafin barci. A Isra'ila akwai irinsa da Ibrananci, akwai kuma Maktabat al-Fanus da Larabci domin yaran Larabawa, kuma can ta makarantun yara ake raba littattafan su tafi da su gida.