Filin Tambaya Da Amsa: Wai Ya Ake Sanin Lambobin Da Ƙasa Za Ta Ci Tun Ba A Fara Gasa Ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Don Allah akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai, duk sanda gasar Olamfik ta matso sai in ji ana cewa wai masana sun yi hasashen Amurka za ta ci lambobin yabo kaza, Sin kaza, kuma in aka gama sai ka ga abin ya zo kusa da yadda suka faɗa. Shin dama can an gama tsara komai ne ake raina mana hankali, ko kuwa ya suke yi? Daga wani mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, na gode ƙwarai. Ba haɗa baki ba ne kuma ba duba ba ne, lissafi ne tsantsa, kuma wallahi in ka ga yadda ake yinsa kai ma za ka iya zama da biro da takarda ka gwada naka.

Hanya biyu ake bi. Ta farko masana tattalin arziki ne suka fi yinta, su babu ruwansu da sunan ɗan wasa ko ɗaya, abin da suke tambaya kawai shi ne mutum nawa ne a ƙasar, nawa ne arzikinta, ita ce mai masaukin baƙi ko a'a, sannan lambobi nawa ta ci a gasar da ta wuce. Wasu masana biyu a Amurka, Andrew Bernard da Meghan Busse, sun fitar da bincike a 2004 da ya nuna cewa yawan jama'a shi kaɗai ba ya kawo lamba, sai an haɗa shi da kuɗi. Kuma dalilin a fili yake, yawan mutane na nufin akwai masu baiwa da yawa a cikinsu, amma kuɗi ne ke gina wurin ninƙaya da filin tsere, shi ke biyan koci da likita, shi ke sa yaro ya shekara goma yana atisaye ba tare da tunanin abin da zai ci ba.

Hanya ta biyu kuma ita ce ta bin 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, irin wadda kamfanin Gracenote ke yi, suna tattara sakamakon gasannin duniya da na nahiyoyi da aka yi tun bayan Olamfik ɗin baya, su zuba a kwamfuta, ta fitar da wanda ya fi yiwuwa ya zo na ɗaya da na biyu da na uku a kowane wasa, sai a tara wa kowace ƙasa nata. Ai dama Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, wanda ya ci gasar duniya bara da wuya ka neme shi a wasan ƙarshe na bana ka rasa.

To amma fa a ina abin ke daidai, a ina yake kuskure? Nan ne nake so ka tsaya da kyau. A gasar Faris (babban birnin Faransa) ta 2024 an raba zinare a wasanni 329, Amurka ta tashi da lambobi 126, Sin 91, Birtaniya 65, Faransa 64, kuma wannan jeri na huɗun farko Gracenote sun hango shi tun kafin a kunna wutar gasa. Dalili kuwa, ƙasar da ta zo da ɗaruruwan 'yan wasa in wanda ake sa wa rai ya faɗi a nan, wani da ba a zata ba zai tashi a can, sai kuskuren ya cinye kuskure, jimilla ta zauna kusa da inda aka ce. Amma da ka koma kan zinare kaɗai sai hasashen ya fara zamewa, don sun ce Faransa za ta ci zinare fiye da 20 ta ƙare da 16. Ka tuna tseren mita 100 na maza, Noah Lyles na Amurka da Kishane Thompson na Jamaika duka sun yi daƙiƙa 9.79, sai da aka duba hoto aka ga tazarar 0.005 ce a tsakaninsu. Kuma Amurka da Sin sun yi kunnen doki ne da zinare 40 kowaccensu, na ƙarshen ma 'yan matan ƙwallon kwando ne suka ciyo wa Amurka da ci 67 da 66 a kan Faransa, wato da Faransa ta ƙara jefa ƙwallo ɗaya a raga da Sin ce a saman teburin lambobi. Babu kwamfutar da za ta gaya maka wannan.

Batun masaukin baƙi kuwa gaskiya yana aiki sosai. Sifen ta ci zinare 1 a Seoul a 1988, da gasa ta zo gidanta a Basalona a 1992 ta ci 13, Japan ma a Tokyo ta ci 27, abin da ba ta taɓa yi ba. Mutane na cewa ihun 'yan kallo ne, eh yana taimakawa, amma ni a ganina babban sirrin shi ne tun ranar da aka ba ƙasa gasa gwamnati ke fara zuba kuɗi na shekaru, ga kuma gurabe da mai gida ke samu a wasanni da yawa ba sai ya sha wahalar share fage ba. Duk da haka ba dole ba ne, Kanada ta karɓi baƙuncin gasar 1976 a Montreal ba ta ci zinare ko ɗaya ba.

Sai abubuwan da ke wargaza lissafi gaba ɗaya, siyasa da ƙwaya. A 1980 Amurka ta ƙaurace wa gasar Mosko, Tarayyar Sobiyet ta kwashe zinare 80, a 1984 su ma suka rama, Amurka ta kwashe 83 a Los Angeles. Rashin Rasha a matsayin ƙasa a Faris ma ya sa lambobin da ta saba ɗauka sun watsu hannun wasu. Ga kuma waɗanda ake ƙwace wa lamba bayan shekaru saboda ƙwayoyin ƙara kuzari, Sin ta bar gasar Beijing ta 2008 da zinare 51, yau in ka duba 48 za ka gani.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni tawa tambayar ita ce, in har yawan jama'a na da tasiri, me ya sa Indiya ba ta taɓuka abin kirki, alhali ƙananan ƙasashe na cin zinare? Daga wata 'yar'uwarku mai son wasanni.

AMSA: Lafiya lau Malama, kin taɓo inda ya fi min daɗi. Indiya na da mutane fiye da biliyan 1.4 amma lambobi 6 ta samu a Faris, babu zinare ko ɗaya, ita kuwa Saint Lucia da mutanenta ba su kai 200,000 ba Julien Alfred ta ciyo mata zinaren mita 100 na mata. Irin waɗannan ƙananan ƙasashe su ne suka fi ba masu hasashe ciwon kai, don mutum ɗaya ne duka teburinsu, in ya tashi da ciwon ƙafa ranar shi ke nan an koma sifili. Indiya ma ta ɗanɗana wannan, 'yar kokawarta Vinesh Phogat ta kai wasan ƙarshe, lamba ta tabbata a hannunta, da safe aka auna ta aka ga ta haura nauyin ajinta da giram 100, aka cire ta gaba ɗaya. Abin ya taɓa ni sosai wallahi.

Amma asalin amsar ki tana cikin wane wasa ƙasa ta sa zuciyarta a kai. Lambobi ba a raba su daidai tsakanin wasanni ba, ƙwallon ƙafa duk girmanta zinare 2 ne kacal, na maza da na mata, guje-guje da tsalle-tsalle kuwa 48 ne, ninƙaya fiye da 30, shi ya sa Michael Phelps shi kaɗai ya tara zinare 8 a 2008, Léon Marchand ya ba Faransa 4 daga cikin 16 ɗinta. A dambe da kokawa da judo da taikwando kuma tagulla biyu ake bayarwa a kowane aji. To ƙasa irin Indiya da yaranta da kuɗinta suka tafi kurket (wasan buga ƙwallo da sanda), wasan da aka shafe fiye da shekara ɗari ba a yinsa a Olamfik, dole teburi ya nuna ta a ƙasa ko da kuwa tana cike da masu hazaƙa. Kenya kuma ta kama tseren dogon zango ta riƙe gam, lambobinta 11 na Faris duk daga gudu suka fito.

Kuma ana iya juya abin da gangan. Birtaniya ta ci zinare 1 tak a Atlanta a 1996, ta zo ta 36, abin ya yi musu ciwo, daga 1997 suka fara zuba kuɗin cacar ƙasa a wasanni suna zaɓar inda lambobi suka fi yawa kamar tseren keke da tuƙin kwale-kwale, a Landan 2012 suka ci zinare 29, a Rio 2016 suka haɗa lambobi 67. Wasu na sukar tsarin cewa yana yasar da wasannin da talaka ya fi yi don kawai ba sa kawo lamba, kuma ni ina ganin sukar tana da ƙamshin gaskiya.

A gasar Los Angeles ta 2028 an dawo da kurket, don haka Indiya na da ƙofa a buɗe, sai dai ki sani ko ta lashe na maza da na mata duka zinare 2 ne za su ƙaru mata. In kuma kina son nawa hasashen, Amurka tana gida, ina sa ran za ta zo ta ɗaya a jimilla da tazara mai faɗi, a zinare ma ita nake ba wa, amma Sin za ta matsa mata lamba har ranar ƙarshe.