Rabi Mutum, Rabi Inji: Harbe-harbe Ne Ko Siyasa?

TAMBAYA: Malam, mun yi musu da ƙanena. Muna kallon wani fim na mutumin da aka haɗa jikinsa da ƙarfe, na ce harbe-harbe ne kawai na ɗebe kewa, shi kuma ya dage wai siyasa ce a ciki. Boko ne ke ɗibarsa, ko da gaskiyarsa? Kuma me ya raba irin wannan da mutum-mutumi?
Daga wani mai karatu a Zariya

AMSA: Ɗan'uwa, sai haƙuri, wannan karon ƙanenka ya kayar da kai.

Mutum-mutumi inji ne daga sama har ƙasa. Wanda kake nufi kuwa, saibog, haihuwarsa aka yi, daga baya aka dasa masa na'ura ta zama ɓangaren jikinsa. Kalmar ma ba a fim aka fara jin ta ba. Wasu masana biyu a Amurka, Manfred Clynes da Nathan Kline, su suka ƙirƙiro ta a 1960, suna nazarin yadda za a gyara jikin ɗan Adam ya jure zaman sararin samaniya.

Sai batun siyasa. Ni ma da na fara ganin RoboCop, fim ɗin wani ɗan sanda saibog, a gidan kallon unguwarmu, a kaset ɗin bidiyon da ya sha jiki, ba abin da na riƙe sai bindigar da ke fitowa daga cinyarsa. Sai da gemu ya fito na gane inda aka dosa. Fim ɗin na 1987 ne, zamanin mulkin shugaban Amurka Reagan, lokacin da ake ta kiran gwamnati ta sakar wa 'yan kasuwa ayyukanta. A labarin, birnin Detroit ya damƙa aikin 'yan sanda a hannun wani kamfani. Aka kashe ɗan sanda Murphy, kamfanin ya kwashi abin da ya rage na jikinsa, ya gina inji a kai, ya ce ai kayansa ne.

Umarni uku aka sa wa Murphy a bayyane: ya yi wa jama'a hidima, ya kare marasa laifi, ya tsayar da doka. Akwai na huɗu a ɓoye, wanda shi kansa bai san abin da ya ƙunsa ba: kada ya kama wani babba na kamfanin. Ranar da ya yunƙura zai kama mugun fim ɗin, wanda babba ne a kamfanin, jikin nasa ya ƙi. Bai iya taɓa mugun ba sai da shugaban kamfanin ya buɗe baki ya kore shi daga aiki. Wato ko adalcin da muka yi ta yi wa tafi muna yara, sai da izinin maigida aka same shi. Wannan wurin ya fi duk harbin fim ɗin tayar mini da hankali.

Kada ka ce ai tatsuniya ce. Wani kamfanin Amurka, Second Sight, ya dasa wa makafi fiye da 350 na'ura a ido, suna ɗan gane haske da inuwar abubuwa. A 2019 ya daina ƙera ta, a 2020 ya sallami mafi yawan ma'aikatansa. Na'urar tana nan cikin idon mutane, in ta lalace kuma samun mai gyara ya zama aiki.

Ka sake kallon fim ɗin naku, ka lura da wanda ya biya kuɗin ƙarfen da wanda ke iya kashe shi. Sannan ka saya wa yaron nan tsire.