Batun kunnen jaririnki da man shanun surukarki

'Yar nan, saƙonki ya iso. Wai ɗan naki mai wata 7 yana ta jan kunne da kukan dare, surukarki ta ce nono ne ya gangara cikin kunnen, a narka man shanu a ɗiga masa, ke kuma kina son jin ko haka aka gada. Na yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Kin san Baffanki ƙarami, wanda sai ya karkato kunnen dama yake jin magana? A Kwarbai abin ya same shi, cikin hunturun da har tafin ƙafa ke tsagewa. Yana goye a lokacin, ga mura ta toshe masa hanci. Ɗakin Inna a rufe ruf, an tura tsumma a taga, ga garwashi a kasko, ga turaren wuta, hayaƙi har ba ka ganin fitilar ƙwai sosai. Ya kwana yana canyara, jiki zafi rau. Wata tsohuwar maƙwabciya ta zo da gashin kaza, ta tsoma a mai, ta zura masa. Da asuba ya yi shiru, muka ga mugunya ta jiƙa zanen goyo, gida ya ɗauki murna wai ciwo ya fashe, ya fita. Ashe dodon kunnen ne ya huje. Ruwan nan ya yi ta zuba har ya shiga makarantar allo.

Kakarmu takan ce ciwon da ke kunne ta hanci ya shigo, kuma likitocin asibitin Shika ba su ƙaryata ta ba. Akwai wata 'yar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kunne. Ta jariri gajera ce kuma a kwance take, shi ya sa mura ke bi ta nan cikin sauƙi, musamman daga wata 6 zuwa shekara 2. Hayaƙi na kumbura ta, na itace ne ko na sigari. Nonon da ya zuba ta waje kuwa bai isa ya wuce dodon kunne ba. Shayarwa ma kariya ce, balle nono zalla na wata 6 na farko.

Abin da ke ba ni haushi da ku, sai ku kwantar da yaro rigingine, ku tokare masa bulumboti da matashi, ku koma latsa waya. A haka madara ke taruwa a bakin hanyar nan. Ga robar tsotso dare da rana, ga gidan rainon da kike kai shi a Samaru, yara cike da ɗaki, majinar wannan ta zama ta wancan. Inna takan ce ɗa a cinya yake cin abinci, kansa sama.

Duba katinsa, ya samu alluran sati 6, 10 da 14? Cikinsu akwai ta ciwon huhu da aka fara a Najeriya a 2014, tana rage wasu ciwukan kunnen. Gobe ki kai shi asibiti a haska cikin kunnen, kada ki sa komai a ciki tukuna, ko tsinken auduga. Surukarki kuwa kada ki yi musu da ita, ki bar ni da ita, za mu haɗu wajen suna ranar Asabar.