Amsoshin Tambayoyinku: Tafiya Hutu Dubai

Tambaya: Ni ma'aikaci ne a Kaduna, uwargida ta matsa mu je Dubai hutu. Shin tafiyar ta cancanci kuɗin da za a kashe?

Amsa: Malam, idan ka riga ka biya kuɗin haya da na makarantar yara, kuma akwai rara a hannunka, to akwai abin kallo. Dogon benen nan Burj Khalifa da aka buɗe a 2010 tsawonsa mita 828 ne, kuma da 'yan canji za ka shiga kwalekwalen abra ka tsallaka zuwa kasuwannin Deira. Ka je tsakanin Nuwamba da Maris, domin daga Yuni zuwa Satumba zafi kan haura digiri 40, ga gumin bakin teku, sai mutum ya wuni a manyan kantuna yana sayen abin da bai yi niyya ba.

Amma maganar matsin nan ce ta dame ni. Dirhami, wato kuɗin Dubai, a ɗaure yake da dalar Amurka, kusan 3.67 a kowace dala, saboda haka duk sanda naira ta faɗi, masauki da abinci da tasi sun ƙara maka tsada tun kana gida. Duk da haka magidanta suna kwashe adashi, wasu suna cin bashi, wasu har da sayar da fili, don kawai a ɗauki hoto a ɗora a Instagram dangin amarya su gani. Hutun mako guda ba ya halatta bashin shekara. Ka zaunar da uwargida, ka lissafa mata tikiti da biza da otal a takarda, sannan ku yanke shawara tare.

Tambaya: An ce in na sayo zinare can zan mayar da kuɗin jirgi.

Amsa: Wanda ya gaya maka ya fara ranta maka kuɗin tikitin. Farashin giram na duniya ne, kuɗin ƙira kaɗai ake ciniki a kai. Ka duba hatimin karat da ke nuna ingancin zinaren, ka karɓi rasit, kuma ka guji masu tare ka a titi da agogo da turaren jabu.

Tambaya: Ɗana ya ce wani dillali zai samo masa bizar yawon buɗe ido, in ya isa a ba shi aiki. Hankalina ya tashi.

Amsa: Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali, kuma fargabarki tana kan hanya. Wannan biza ba ta ba da izinin aiki, kuma in wa'adinta ya ƙare tara ce ke hawa kansa kowace rana. Kada ya ba kowa fasfo ko ko sisi sai kamfanin da zai ɗauke shi ya aiko da takardar aiki da izinin shiga da sunansa.